Ku taya ni rubuta ƙa'idojin gasar keken ɗinki kafin in saka

Maman Iman: Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan kasuwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema kuma maganar tana da ɗan tsawo ku yi haƙuri da ni. Ina so in yi garaɓasa a shafina na Facebook da Instagram kafin ƙaramar Sallah, keken ɗinki sabo guda ɗaya zan bayar sai atamfa turmi biyar ga mutum biyar, amma wlh gabana faɗuwa yake saboda abin da ya same ni bara. Bara waya na saka a matsayin kyauta, layi biyu kawai na rubuta, nace duk wadda hotonta sanye da kayanmu ya fi samun layik zuwa Juma'a ita ta ci. Wata baiwar Allah daga Pantami ita ke gaba tun Litinin, ƴan uwanta da ƙawayenta da ƴan islamiyyarsu duk sun taya ta, kawai daren Alhamis sai wata ta taso daga layik 200 ta wuce 2000 cikin awa uku, da na duba masu layik ɗin sai naga sunaye irin na Indiya da wasu ƙasashe, wasu ko hoto babu. Na bai wa ta Pantamin wayar. Ita kuma ɗayar tace ai layik kika ce, ba ki ce daga ina zai fito ba, ta ɗauki sikirinshot ta yi ta yawo da ni a gurup gurup wai ni macuciya ce. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ƙarshe sai da na sayi wata ƙaramar waya na ba ta, duk da haka akwai kwastomomin da har yau ba su dawo ba. To wannan karon ina so in rubuta komai tun kafin in saka, me da me ya kamata ya shiga ciki?

Adda Fa'iza: Wa alaikumus salam. Allah sarki Maman Iman, na tuna lokacin, har gida na zo na same ki kina kuka. Kin yi dabara da kika kawo nan tun da wuri, tun ran gini ran zane. Jama'a a taimaka mata da gaske don Allah, banda tallan kaya a ƙarƙashin wannan maganar.

Hamma Sale mai waya: Hajiya abu na farko ki raba kanki da gasar layik gaba ɗaya. Mu da ke harkar waya a babbar kasuwa mun san yaran da ke sayar da layik da folowa, da kuɗin da bai kai na cefane ba mutum zai samu dubu. Duk gasar da aka ce mai yawan layik shi ya ci to mai kuɗin saye ne zai ci, ko kuma mai dangi da yawa. Ki yi ƙuri'a kawai a gaban kowa a wuce wurin. Amma ni shawarata kar ki cika rubutu, mutanenmu ba sa karanta dogon abu, layi biyar ya isa.

Barista: Hamma Sale na yarda da rabin maganarka, ɗaya rabin kuma shi ne ya jefa ta a matsalar bara. Layi biyu ta rubuta ai. Gaskiya ne yawancin mutane ba za su karanta ba, amma ba don ranar shiga ake rubuta ƙa'ida ba, don ranar rigima ake rubuta ta. Ranar da wata ta taso tace an cuce ta, wannan rubutun ne kaɗai shaidarki, kuma shi ne shaidarta ita ma a kanki. Hajiya ki sani duk abin da kika rubuta kika ce wanda ya yi kaza zan ba shi kaza, mutum ya je ya yi kazan, to alkawari ya hau kanki, kuma abin da kika rubuta za a kama ki da shi, abin da ke zuciyarki ba wanda ya gani. Yarinyar nan ta bara ha'inci ta yi, amma ke kika bar mata ƙofa a buɗe. Da kin sa layi ɗaya cewa layik na saye ko na asusun bogi ba ya cikin lissafi kuma duk wadda aka kama an cire ta, da ba ta da bakin magana.

Barista: Kuma wannan ba ƙananan ƴan kasuwa kaɗai yake kamawa ba. A 1992 kamfanin Hoover a Ingila ya ce duk wanda ya sayi kayansu na fam 100 zai samu tikitin jirgi biyu zuwa Amurka kyauta, ba su yi lissafin cewa tikitin ya fi kayan tsada nesa ba kusa ba, mutane suka yi ta sayen injin shara don tikiti kawai, kamfanin ya yi asarar miliyoyin fam ya sha shari'a, bayan ƴan shekaru aka sayar da reshensu na Turai. A shekarar dai a ƙasar Filifin Pepsi ta yi gasar lamba a marfin kwalba, aka sanar da 349 ita ce ta ci peso miliyan 1, ashe an buga wannan lambar a marfi wajen 800,000. Suka ce kuskure ne za su ba kowa peso 500, aka yi tarzoma har aka rasa rayuka, shari'ar ta ɗauki shekaru. To kin ga su da lauyoyinsu da komai. Shi yasa adadin kyauta dole ki faɗe shi ƙarara, keke ɗaya ne tak, atamfa biyar ce tak, kowa ya sani tun farko.

Zee turare: Innalillahi, har da mutuwa a kan marfin lemo. Maman Iman ni dai yadda nake yi, sai ince a yi folo, a yi sheya a kuma yi tag na mutum goma, wlh shafi yana tashi sosai.

Auwal Kashere: Anti Zee wannan da kike yi ya saɓa dokar Facebook ɗin kansa fa, yawancinmu ba mu sani ba ne. A ƙa'idarsu ta masu shafi an hana ka ce sai mutum ya yi sheya a shafinsa ko a na abokinsa ko ya yi tag na abokai kafin ya shiga gasa. Kwament a ƙarƙashin fos ɗinki ko layik ɗin fos ɗin ba laifi. Kuma sun ce dole mai gasa ya rubuta ƙa'idojinsa da waɗanda suka cancanta, ya kuma faɗa a fili cewa Facebook ba shi ya ɗauki nauyin gasar ba, ba shi ke gudanar da ita ba, ba ruwansa da ita. Instagram ma yana neman wannan layin, kuma ya hana a sa mutane su yi tag ɗin kansu a hoton da ba sa ciki. Ana yi ana tsira amma ranar da wani mai jin haushinki ya kai ƙara za su iya sauke fos ɗin ko su taƙaita shafin, shafin da kika yi shekaru kina tarawa.

Zee turare: Kai Auwal da gaske? Wlh ban taɓa ji ba. To ai in ba sheya ribar me mutum zai ci, keke guda fa za ta bayar.

Auwal Kashere: Za ta iya roƙon a yaɗa don Allah, wanda ya ga dama ya yi, kawai kar ya zama sharaɗin shiga. Kuma kwament da yawa da kansa yana ɗaga fos.

Maman Iman: Na gode sosai, ina rubutawa a littafi. To ga abin da ya fi damuna, maigida yace tunda keken da tsada in ce sai wanda ya sayi kaya na dubu ashirin zuwa sama ne zai shiga ƙuri'ar, ko kuma kowa ya turo naira 500 na rajista, ta haka kuɗin keken zai fito. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Malam Modibbo kana kusa?

Malam Modibbo: Ina biye da ku Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata. Maganar naira 500 ki bar ta gaba ɗaya, wannan caca ce ba ko tantama. Mutum ɗari biyu su zuba kuɗi, mutum ɗaya ya tafi da keke sauran su tafi hannu rabbana, ko ya ci ko ya yi asara, ita ce maisir ɗin da Allah ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90. Sauya mata suna zuwa rajista ba ya sauya hukuncinta. Ita ƙuri'a a karan kanta ba haram ba ce, ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah SAW idan zai yi tafiya yana yin ƙuri'a tsakanin matansa, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma a kan wa zai riƙi Nana Maryam. Abin dubawa shi ne me mutum ya zuba kafin ya shiga. In bai zuba komai ba, kyauta ce daga aljihunki kika zaɓi mai rabo ta ƙuri'a, babu laifi. In kuma cewa kika yi wanda ya yi aiki kaza yana da lada kaza, wannan ita ce ji'ala, irin ta Suratu Yusuf inda aka ce wanda ya kawo ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda, ita ma ta halatta matuƙar ladan sananne ne.

Malam Modibbo: Sai maganar sai an sayi kaya. Nan malaman zamani sun saɓa. Wasu sun halatta da sharaɗi biyu, kada a ƙara ko kwabo a kan farashin kayan saboda gasar, kuma mai saye ya zama dama yana buƙatar kayan. Wasu kuma sun hana baki ɗaya saboda sun ce zai sa mutane sayen abin da ba sa so don kwaɗayin kyauta. Ni abin da nake gani a garin nan, mace za ta ci bashin dubu ashirin ta sayi leshin da ba ta da niyya don tana hango keke, in ba ta ci ba ta koma gida da bashi da baƙin ciki. Sharaɗi na biyun nan ke ba ki da hanyar tabbatar da shi, ba ki ga zuciyar kowa ba. Ki bar ƙofa a buɗe kyauta ya fi miki kwanciyar hankali.

Hamma Sale mai waya: Allah gafarta Malam ina da ja kaɗan, da girmamawa. Mu fa kasuwa muke yi ba sadaka ba. In kowa zai shiga kyauta, ƴan neman banza za su cika wurin, waɗanda ko ɗankwali ba su taɓa saya a wurinta ba, su cinye keken su cire folo washegari, ita kuma kwastomar da ta shekara biyar tana sayen kaya ta tashi a tutar babu. Wannan adalci ne? Ni a shagona duk wanda ya sayi waya a watan azumi ina ba shi lamba, farashi ban ƙara ba, kuma ba wanda zai sayi wayar dubu ɗari don yana hango fanka.

Malam Modibbo: Maganarka tana da fuska Malam Sale, kuma yadda ka kwatanta naka ya shiga cikin abin da masu halattawa suka faɗa, don kyautar ƙarama ce a kan abin da aka saya. Nata kuwa keke ya ninka dubu ashirin sau da yawa, shi ne zai ja mutane. In tana son ta girmama tsofaffin kwastomomi akwai hanya mai tsabta, ta ware atamfofin nan biyar ga waɗanda suka riga suka yi sayayya kafin ranar da ta sanar da gasar. Su ba su saya don gasa ba tunda ba su ma san za a yi ba.

Hamma Sale mai waya: To wannan kam na karɓa, ban kawo shi a raina ba.

Barista: Abin da Malam ya faɗa ya zo daidai da yadda doka ke kallon abin. Abu uku in suka haɗu, kyauta da sa'a da biyan kuɗi, to an shiga layin caca ko lotiri, kuma wannan sai da lasisi. Cire ɗaya daga ciki ya fitar da ke, shi yasa a Amurka kusan kowace gasa za ki ga an rubuta ba sai ka sayi komai ba. A nan gida da can dokar lotiri ta ƙasa ta 2005 ce ke aiki da hukumarta a Abuja, amma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan dokar Abuja kaɗai ta shafa, harkar caca da wasan sa'a hurumin majalisun jihohi ne. Sai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ke rajistar garaɓasar kamfanoni kuma dokarta ta hana yaudarar mai saye da tallan ƙarya, babba ko ƙarami. Talla kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON tun dokar 2022. Ba ina tsorata ki ba ne Hajiya, amma duk ranar da abin ya girma ya kai mota ko kujerar Umara ko kika haɗa shi da sayayya, ki zauna da lauya ki nemi izini tukuna. A yanzu dai ki sa sunan kasuwancinki yadda yake a takardar rajistar kasuwanci ta CAC da unguwar da shago yake, mutane su san da wa suke hulɗa.

Ɗan Bajoga: Ni ba ɗan kasuwar intanet ba ne sosai, taki da iri nake sayarwa, amma bari in yi magana da bakin masu shiga gasa don ni an taɓa yi min. Wani shago a cikin Gombe suka sa gasar tambaya, na ci fanka mai caji, sunana ya fito kowa ya gani yara suna ta murna. Da na kira sai aka ce ai na ƴan cikin gari ne kawai, ko in zo da kaina kafin ƙarfe shida na yamma ranar ko a ba wani. Lokacin ƙarfe huɗu ta wuce, ina gona, ko na samu mota a take da wuya in iso. Babu inda suka rubuta haka. Wlh ba fankar ce ta dame ni ba, yadda na koma na ce wa yara babu ne. Don haka Hajiya dan girman Allah ki faɗa tun farko, mu na Bajoga da Dukku da Nafada da Kumo muna ciki ko ba ma ciki, kuma wa zai biya kuɗin mota in za a aiko, kuma kwana nawa mutum ke da shi. Mu nan netwok yakan ɗauke yini guda, in kika ce awa biyu kin cire mu ne a fakaice.

Adda Fa'iza: Allah ya huci zuciyarka Baffa. Wannan magana ta taɓa ni. Maman Iman ki ba da kwana uku cikakku, kuma ki kira a waya, kar ki tsaya a saƙon inbos kaɗai.

Madam Rifkatu: Sannunku da hira. Ni daga Kaltungo nake sayen atamfa a wurin Maman Iman tun tana Jekadafari kafin ta koma Tumfure. Roƙona ɗaya ne, in tambaya za a sa a matsayin hanyar shiga a sa wadda kowa zai iya amsawa. Sau da yawa gasar azumi tambayar addini ake yi, mu sai dai mu yi kallo, alhali muna cikin masu saye har da na Kirsimeti. In kuma an ware ta ne don Musulmi saboda watan ibada ba laifi wlh, kuɗinki ne, amma a rubuta a sama mu sani. Sannan maganar hoto, akwai matan da mazajensu ba za su yarda a sa fuskarsu a intanet ba, a cikinku da cikinmu duka. Kar mace ta ci keke a ce sai ta tsaya an ɗauke ta bidiyo tana godiya kafin a ba ta.

Maman Iman: Haba Madam ai ke ta gida ce, kowa da kowa ne in sha Allah. Tambayar da nake tunani ita ce mace ta rubuta a kwament wane ɗinki za ta fara yi in ta samu keken, ba daidai ba kuskure, shaidar shiga ce kawai. Hoto kuma kin tuna min, ni kaina Abban Iman ba ya son a ga fuskata.

Barista: Maganar Madam tana da doka a bayanta ma. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ce sai da yardar mutum za ki karɓi bayanansa, ki faɗa masa me za ki yi da su, kuma kar ki yi wani abu daban da su. Lambar waya da hoto da adireshi duk suna ciki. Wato in kin tara lambobi don gasa ba ki da damar kwashe su ki zuba a gurup ɗin talla ko ki ba ƙawarki mai sayar da turare, sai in kin tambaya sun amince. Wanda bai kai 18 ba kuma sai da yardar iyaye, shi yasa ya fi sauƙi ki ce daga 18 zuwa sama. Ki daina cewa a ajiye lamba a kwament, wanda ya ci kaɗai za ki nemi tasa a ɓoye.

Auwal Kashere: Wannan na ajiye lamba a kwament shi ne abincin ƴan damfara. Da kin saka gasa za su buɗe shafi da sunanki da hoton shagonki, su ƙara ɗigo ɗaya ko harafi ɗaya, su bi duk wanda ya yi kwament su ce kin ci, turo dubu uku na kuɗin aike, ko turo BVN da lambar da za ta shigo wayarki. An yi wa yayata haka a gasar wani shago, sai da aka kwashe mata kuɗin adashi. Ki rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba za ki taɓa neman kuɗi ko BVN ko NIN ko lambar katin banki ba, kuma daga wannan shafin kaɗai za a sanar. Ki maimaita shi kullum har a gama. Ranar ƙuri'a kuma ki yi layif, a rubuta sunaye a takarda a naɗe a zuba a roba a gaban kyamara, ki kira yaro ƙarami ko wani dattijon maƙwabcin shago ya ɗauko. Akwai manhajojin da ke zaɓo kwament da kansu amma mutanenmu sun fi yarda da abin da idonsu ya ga hannu ya ɗauko. Ki ciro sunaye biyu na ko ta kwana a lokacin, in ta farko ba ta amsa ba a san wa ke biye.

Zee turare: To in NEPA ta ɗauke ko data ta yanke ana tsakiyar layif fa? Ni ya taɓa faruwa da ni aka ce da gangan na kashe.

Auwal Kashere: Ki sa wani ya riƙa ɗauka da waya ta biyu daga farko har ƙarshe ba yankewa, in layif ya katse a ɗora wancan. A rubuta hakan ma a ƙa'ida.

Maman Iman: Saura abu ɗaya kuma shi ne mai nauyin. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta gama koyon ɗinki ba ta da keke, tun da ta ji maganar take cewa Adda ni ma zan shiga. Ga yaran shagona biyu, ga matar ƙanin maigida. In na hana su za a ce na fifita bare a kan jini, Goggo ma sai ta kira ni. In na bar su kuma Allah ya sa sunan ƙanwata ya fito a gaban mutane, wa zai yarda ba haɗin baki ba ne?

Hamma Sale mai waya: Ba wanda zai yarda, ko da Alƙur'ani kika dafa.

Zee turare: Amma fa tausayi, in ƙuri'a ce ta gaskiya rabonta ne ai, don me za a hana ta abin da Allah ya ba ta saboda bakin mutane?

Adda Fa'iza: Zee ƙanwata, bakin mutanen nan shi ne jarin Maman Iman. Ba ta da allon talla a kan titi, amanar da aka ba ta ce ke kawo mata oda daga Bauchi da Yola mutum ya tura kuɗi bai taɓa ganinta ba. Keken nan tana bayarwa ne don ta dawo da sunan da ya taɓu bara, in ƴar uwarta ta ɗauka to ta yi asarar keke ta ƙara asarar suna. Manyan kamfanoni ma kullum suna cire ma'aikatansu da iyalansu. Ni shawarata ki je gida da kanki ki samu Goggo kafin ki saka, ki yi mata bayani, ki ce wa ƙanwarki nata keken daban ne za ki taya ta da adashi bayan Sallah. In kuma ba ki da halin biyu to gara ki fasa gasar ki ba ta keken, wannan ma lada ne babba, amma kar ki haɗa su a roba ɗaya.

Malam Modibbo: Hajiya Fa'iza ta gama magana. Kuma a ƙara da wannan, in an fara kar a sauya. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, haka hadisi ya zo. Kar ki ga mutane sun yi yawa ki ce an ƙara mako, ko ki ga keke ya yi tsada ki mayar da shi kuɗi rabi.

Barista: Sai dai ki bar wa kanki ƙofa ɗaya ta larura, kamar rasuwa ko rashin lafiya ko a rufe shafin, ki ce za a ɗage kuma za a sanar da sabuwar rana, kyautar ba za ta ragu ba. Kar ki kwafo irin na kamfanoni da ke cewa muna da ikon sauya komai a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba, wannan ba ya sa a yarda da mutum. Kuma da Hausa za ki rubuta tunda da Hausa kike ciniki, ki karanta shi a murya ki ɗora don waɗanda karatun boko ya yi wa nauyi.

Maman Iman: To ga abin da na haɗa, ku duba min. Wannan gasa shagonmu da ke Tumfure a Gombe ne ya shirya ta, Facebook da Instagram ba su ɗauki nauyinta ba kuma ba ruwansu da ita. Shiga kyauta ne, ba sai an sayi komai ba. Duk wanda ya kai shekara 18 kuma yana zaune a jihar Gombe zai iya shiga, mace ko namiji, Musulmi ko Kirista, banda ma'aikatan shago da iyalina da na maigidana. Ana shiga da kwament ɗaya a ƙarƙashin wannan fos, a faɗi ɗinkin da za a fara yi da keken, mutum ɗaya sau ɗaya, wanda aka kama da asusu biyu an cire shi. Za a rufe ranar 20 ga azumi ƙarfe 10 na dare. Keken ɗinki sabo guda 1 ne, za a ciro mai rabo ta ƙuri'a a layif washegari bayan la'asar tare da sunaye biyu na ko ta kwana. Atamfa turmi 5 kuma na tsofaffin kwastomomi ne da suka yi sayayya kafin yau, su ma ta ƙuri'a daga littafin shago. Wanda ya ci yana da kwana 3 ya amsa, kuɗin aikewa zuwa tashar garinsa a kanmu yake. Ba za mu sa hoton kowa ba sai da izininsa, ba za mu taɓa neman kuɗi ko BVN ko NIN ba.

Barista: Ya yi kyau sosai. Gyara uku. Ranar 20 ga azumi ki haɗa ta da kwanan watan bature da sunan ranar, don ganin wata yakan sa lissafin mutane ya bambanta da kwana ɗaya, kuma ki sa ranar farawa. Kalmar iyali ki fayyace ta, a wurinmu iyali ba shi da iyaka, ki ce iyaye da ƴaƴa da waɗanda kuke ciki ɗaya da matansu da mazansu da duk wanda ke zaune a gidanku. Sannan ki faɗi sunan kamfanin keken da ko na ƙafa ne ko na hannu ko mai wuta, ki ɗora hotonsa na gaske. Layin larura ma kin manta shi.

Ɗan Bajoga: Kwana ukun daga yaushe za a fara ƙirgawa, daga layif ko daga lokacin da aka kira mutum?

Maman Iman: Daga lokacin da na tura saƙo na kuma sanar a shafi Baffa, zan rubuta haka, kuma zan ajiye shaidar saƙon. Madam Rifkatu in kina cikin gari ranar ina so ki zo ki tsaya a matsayin shaida ke da Adda Fa'iza.

Madam Rifkatu: In Allah ya kai mu zan zo, dama ina da kayan da zan ɗauka. Amma to ki cire sunana daga robar atamfa tunda ni ce shaida.

Maman Iman: Na cire, taki atamfar daban zan ajiye miki. Gobe da safe zan je gidan Goggo, in na dawo in gyara in turo wa Barista ya sake dubawa kafin Asabar.